Jagoran Ba Awaki Filaksid, Riɗi da Angurya Ba Tare da An Ɓata Tumbi Ba

A unguwar Television ta Kaduna da unguwannin da ke kewaye da mu, daga Unguwar Yelwa, Kakuri da Barnawa har Sabon Tasha, kiwon akuya a bayan ɗaki tsohuwar sana'a ce. Da ita iyaye mata ke biyan kuɗin makaranta, da ita magidanci ke fita kunyar Kirsimeti, Ista ko Sallah, da ita ake tarbar suna da biki. 'Yan shekarun nan matasa da dama sun shigo harkar. Sun ji an ce maiƙo na sa dabba ƙiba, sun kuma ji labarin wata ƙwaya mai suna filaksid da ake ba shanu da awaki a Turai. Sai mutum ya sayo, ya auna da ido, ya juye a komi. Kafin mako ya zagayo akuya ta daina tuƙa, gindinta ya ɓaci da zawo, ta koma gefe ta sunkuyar da kai.

Na daɗe ina kiwon turke, kuma kurakuran da nake gani wurin sababbin shiga ba su canzawa: suna ba da mai fiye da ƙima, suna ba da shi rana ɗaya babu sabo, sannan suna rage harawa don suna ganin kamar ita ce abinci maras daraja. Dukansu daga tushe ɗaya suke. Mai kiwo yana zaton akuyar yake ciyarwa kai tsaye, alhali akwai wasu masu cin abincin kafin ita. Wanda ya gane wannan, sauran aikin awo ne da haƙuri.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN TUMBI

Cikin akuya ɗaki huɗu ne, mafi girma shi ne tumbi. A cikinsa akwai ƙananan halittu bila adadin da ido ba ya gani, galibinsu bakteriya. Akuya da kanta ba ta iya narkar da zaren ciyawa. Waɗannan halittu ne ke farfasa shi, su mayar da shi wasu sinadarai masu tsami waɗanda jini ke tsotsa ta bangon tumbi, kuma daga nan dabba ke samun kusan kashi 70 cikin 100 na ƙarfin jikinta. Su kansu halittun, idan suka gangara hanji, su ne babban abincin gina jikinta.

To, mai ba ya shiri da su idan ya yi yawa. Ka tuna yadda kwanon miya mai manja ke ƙin wankuwa da ruwan sanyi: haka mai ke lulluɓe ciyawar da ke tumbi, bakteriya su kasa kama ta. Bayan haka, mai mai ruwa-ruwa irin na filaksid da riɗi guba ne ga masu narkar da zare, irin su Fibrobacter da Ruminococcus. Don su kare kansu, wasu bakteriya, musamman dangin Butyrivibrio, sukan sauya man, su mayar da shi daskararre irin kitse. Wannan ya sa mafi yawan nau'in man da ake kira omega-3 da ke cikin filaksid, sau da yawa fiye da kashi 85 cikin 100, ba ya isa hanji a yadda ya shiga baki. Ɗan ragowar da ya tsallake, tare da wasu nau'o'in mai da aka samar a tsakiyar sauyin, su ne ke shiga nono da nama su kyautata su.

Bakteriyan nan suna iya wannan aiki ne gwargwadon ƙarfinsu. Idan man ya zo kaɗan-kaɗan daga cikin ƙwaya, suna cim masa. Idan ya zo da yawa lokaci ɗaya, sai ya rinjaye su. A shekarar 2008 masu bincike na cibiyar INRA a Faransa sun gwada haka a kan shanun madara. Ɗanyar ƙwayar filaksid ta rage iskar metan da shanu ke fitarwa ta gyatsa da kashi 12 cikin 100, wadda aka sarrafa da inji ta rage kashi 38, tsagwaron man kuwa kashi 64. Amma shanun da aka ba tsagwaron man su suka fi rage cin abinci, kuma narkewar zare ta ragu. Darasin a fili yake: ƙarfin da mai ke da shi a tumbi ba kaɗan ba ne.

Iyakar da masana kiwo suka tsayar ita ce, jimillar man da ke cikin abincin yini kada ta wuce kashi 6 cikin 100 na busasshen nauyinsa. Duk jagoran nan a kan wannan lamba aka gina shi.

KAYAN DA ZA A TANADA

Sikelin rataye mai ɗaukar kilo 50, da buhu mai ƙwari da za a rataya dabba a ciki.

Ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, ko cokalin cin abinci da gwangwani waɗanda aka taɓa auna abin da suke ci.

Turmi da taɓarya, ko injin niƙa na hannu.

Roba mai murfi da iska ba ta shiga.

Komi biyu, na haɗi (dusa da ƙwaya) da na ruwa, da ragar harawa da aka ɗaga daga ƙasa.

Harawar gyaɗa ko ta wake, kowa, da ɗanyen ganye gwargwadon samu.

Dusar alkama, ta dawa ko ta masara.

Ƙwaya mai mai guda ɗaya: filaksid, riɗi, angurya ko waken soya.

Gishiri da garin laimston, wanda masu sayar da kayan abincin kaji ke da shi.

Littafi da biro, da lambar wayar likitan dabbobi.

MATAKI NA 1: ZAƁI DABBAR DA ABINCIN ZAI YI WA AIKI

Ɗan akuya da bai wuce wata 3 ko 4 ba tumbinsa bai gama ƙosawa ba, saboda haka ba shi cikin wannan tsari. Don kiwon ƙiba, taure ko bunsuru ɗan wata 8 zuwa 14 ya fi, domin yana kan girma, abin da ya ci nama yake zama. Buɗe bakinsa: idan haƙoran gaba duk na nono ne, ko manya biyu kacal suka fito, yana cikin shekarun da ake so.

Jar akuya, wadda ake kira ta Sakkwato a Nijeriya, ta Maraɗi a Nijar, ita ta fi yawa a kasuwanninmu, kuma tana karɓar kiwo. Gajeriyar akuyar kudu ta fi jure danshi amma jikinta ƙarami ne, abincinta ma kaɗan ne. Doguwar Sahel tana da ƙashi, sai dai daminar Kaduna na wahalar da ita.

Akwai abin da mai saye a gari bai kamata ya manta ba: leda. Akuyar da ta tashi tana yawon bola takan tara leda a tumbi har ta dunƙule. Za ka ga ƙashin baya a fili, gashi a tsaye, ciki kuwa tulu. Danna gefen hagu, bayan haƙarƙari, da dunƙulen hannu. Tumbi mai lafiya yana lotsawa ya dawo a hankali. Idan ka ji wani dunƙule mai tauri da ba ya watsewa, bar wa dillali kayansa. Ba abincin da zai cika jikin dabbar da leda ta cinye wa wurin ajiya.

MATAKI NA 2: KILLACE, KASHE TSUTSA, YI RIGAKAFI

Dabbar da aka kawo daga kasuwa, ko Zangon Tudun Wada ne ko kasuwar ƙauye, ta haɗa numfashi da ɗaruruwan dabbobi. A ɗaure ta ita kaɗai mako 2 zuwa 3. Cutar da ake tsoro ita ce PPR, mai zuwa da zazzaɓi, majina, kwantsa, gyambon baki da zawo, kuma takan share turke gaba ɗaya. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana yin allurar rigakafinta, likita ne zai yi ta.

Sai tsutsar ciki. Ja fatar ido ta ƙasa ka duba: ja mai kyau alamar jini ce, fari-fari alamar tsutsa mai shan jini ce, wadda ke ƙaruwa da damina. Likita zai ba da magani bisa nauyin dabba, kuma ka gaya masa idan kana zaton akwai ciki, domin albendazol ba ya dacewa da farkon ciki.

Dalilin yin wannan kafin a taɓa abinci biyu ne. Na farko, ƙwaya mai tsada da aka ba dabba mai tsutsa, tsutsar aka yi wa kiwo. Na biyu, idan zawo ya zo daga baya, kana bukatar sanin abinci ne ya kawo shi, ba ciwon da aka shigo da shi ba.

MATAKI NA 3: AUNA NAUYI, KA FITAR DA RABON MAI

Da safe kafin ta ci, sa dabbar a buhu, ƙafafu ta ramukan da ka huda, ka rataya a sikeli. Rubuta.

Akuya na cin busasshen abinci kimanin kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na nauyinta a yini. Ɗauki taure mai kilo 20: zai ci kamar giram 700. Kashi 6 cikin 100 na wannan shi ne giram 42 na mai. Amma harawa da dusa ma suna da nasu man, wanda zai kai rabin wannan. Abin da ya rage maka ka ƙara bai wuce giram 20 ba. Ga yadda giram 20 na mai ke fitowa daga kowace ƙwaya:

Filaksid, man da ke cikinsa kusan kashi 40 ne: giram 50 a yini.

Riɗi, kusan kashi 50: giram 40.

Angurya, kusan kashi 20: giram 100.

Waken soya da ba a tatse ba, kashi 18 zuwa 20: giram 100.

Cokalin cin abinci da aka shafe bakinsa yana ɗaukar kimanin giram 10 na filaksid da ba a daka ba. Ke nan cokali 5 ne rabon taure mai kilo 20 na yini guda, ba gwangwani ba, ba tafin hannu ba. Mai kilo 30 zai ci giram 75, mai kilo 12 kuwa giram 30.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne tarawa. Mutum ya ba da filaksid, ya ƙara ƙuliƙuli, ya ƙara angurya, kowanne yana ganin ɗan kaɗan ne. Tumbi kuwa jimilla yake lissafawa. Zaɓi guda ɗaya, ko ka raba giram 20 ɗin a tsakaninsu. Ƙuliƙulin gida ya sha suya, man da ke cikinsa ya fi na tunkuzar da injin kamfani ya matse. Dusar shinkafa mai laushi da dusar masara mai ƙwayar ido su ma suna da maiƙo sosai. Idan su kake amfani da su, rage kashi ɗaya cikin uku na ƙwayar.

MATAKI NA 4: DUBA ƘWAYAR, KA SARRAFA TA

Filaksid 'yar ƙwaya ce shafaffiya, mai sheƙi, ruwan ƙasa ko ruwan zuma, ta ɗan fi riɗi girma. Kazakistan, Rasha, Kanada da Sin ne manyan masu noma ta, a Afirka kuwa Habasha. Mu nan shigo da ita ake yi, don haka takan daɗe a shago. Tauna 'yan ƙwayoyi. Mai kyau tana da ɗanɗano kamar gyaɗa, tana yauƙi a baki. Idan ta yi ɗaci ko warin fenti, man ya lalace, kada ka saya.

Ɓawonta santsi gare shi, idan aka ba da ita sukutum wani kaso zai fita a kashi yadda ya shiga. A ɓarza ta a turmi har ta fashe, kada a daka ta zama gari ko ta fara tsatso mai. Ɓarzajjiya tana sakin manta sannu a hankali, abin da tumbi ke so ke nan. A ɓarza na kwana 3 ko 4 kawai, a rufe a roba, a ajiye inda rana ba ta kai, domin man filaksid na saurin lalacewa da zafi da iska.

Ga gargaɗin da ya fi kowane muhimmanci. Filaksid na ɗauke da irin gubar da ke cikin rogo mai ɗaci da gyauron dawa. A bushe, a wannan ɗan awo, hantar babbar akuya na iya kawar da ita. Amma idan aka jiƙa ɓarzajjiyar ƙwayar a ruwan sanyi ko mai ɗumi aka bar ta, gubar na fitowa ta taru. Mu kuwa mun saba dama dusa da ruwa ko da ƙasari mu ajiye. Kada a yi haka da filaksid. Ko dai a barbaɗa ta a bushe daidai lokacin ci, ko a zuba ta cikin ruwan da ya riga ya tafasa, tukunya a buɗe, ta dahu aƙalla minti 10, ta huce sannan a ba da. Kada kuma a haɗa ta da ɗanyen ɓawon rogo a rana ɗaya. Idan ka ga dabba na haki, tana tangaɗi, dasashinta ya yi ja wur jim kaɗan bayan ci, kira likita nan take.

Man filaksid da ake sayar wa kafintoci da masu fenti an zuba masa sinadaran busarwa masu guba. Ba na ci ba ne, ko kusa da turke kada ya zo.

Sauran ƙwayoyin ma kowace da sharaɗinta. Angurya na da wani sinadari, gosifol, mai cutar da ƙananan da tumbinsu bai ƙosa ba, yana kuma rage ƙarfin bunsurun barbara idan ya daɗe yana ci. Waken soya a soya shi sama-sama a kasko kafin a ɓarza, kuma kada ɗanyensa ya haɗu da abincin da aka sa wa yuriya. Ƙuliƙuli ko gyaɗar da ta yi fumfuna a zubar, gubar fumfuna hanta take ci, tana kuma bi ta nono.

MATAKI NA 5: HARAWA TA RIGA HAƊI SHIGA CIKI

Aƙalla kashi 60 cikin 100 na abincin yini ya zama mai zare: harawa, kowa, busasshiyar ciyawa, ganye. Ga misalin rabon taure mai kilo 20: harawa giram 450 ko fiye, dusar alkama giram 200, filaksid giram 50, laimston giram 4, gishiri giram 3.

Da safe a fara sa harawa. Bayan ta ci kamar rabin awa, a ba da rabin haɗin. Da yamma a sake yin haka. Dalili shi ne tuƙa. Zare mai tsawo ne ke sa akuya ta dawo da abinci ta sake taunawa, kuma yawun da take haɗiyewa lokacin tuƙa shi ke kashe tsamin tumbi. Idan haɗi ya faɗa tumbi wayam, tsami ya hau, masu narkar da zare su mutu, sauyin man da muka yi bayani ma ya karkace. Saboda wannan ne ragowar tuwo, shinkafa, burodi da tsabar masara ba su dace da dabbar da ke cin ƙwaya mai mai ba, sai dai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Dusar giya da ta burukutu da wasu ke samu a wannan yanki tana da amfani, amma ita ma tana da maiƙo, kuma jiƙaƙƙiyarta na saurin ruɓewa, a shanya ta tukuna.

A rataye harawa, kada a zuba ta ƙasa. Akuya ba ta cin abin da ta taka ko ta yi wa fitsari. Ɗanyen ganye irin na zogale, mangwaro ko malaina, ko da dami ɗaya ne a yini, yana ƙara mata bitamin da ke kare man jikinta daga lalacewa. Harawa ta fi araha bayan girbi, daga Nuwamba zuwa Disamba. Mai wurin ajiya ya saya a lokacin, ya ɗora a kan katako inda ruwa ba ya taɓawa.

MATAKI NA 6: SHIGAR DA ƘWAYAR SANNU A HANKALI

Halittun tumbi na bukatar mako 2 zuwa 3 kafin masu iya sarrafa mai su yawaita. Ga tsarin taure mai kilo 20:

Kwana 1 zuwa 4: cokali 1 a yini.

Kwana 5 zuwa 8: cokali 2.

Kwana 9 zuwa 12: cokali 3.

Kwana 13 zuwa 16: cokali 4.

Daga kwana 17: cokali 5, a tsaya nan.

Ita ma dusar haka za a hau da ita, idan dabbar ba ta saba ba. Kada a ƙara komai a ranar da kashi ya sauya. A koma awon baya, a jira kwana 3. Idan ƙwayar ta ƙare aka koma wata, a sake farawa daga ƙasa. Kowace dabba da kominta, ko a ɗaure su lokacin cin haɗi, in ba haka ba mai ƙarfi zai cinye rabon uku ya kwanta ciwo, raunana su tashi a banza.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai son sayarwa a Kirsimeti ya sayi dabbarsa a tsakiyar Satumba, ya gama killacewa, ya fara haɗi a farkon Oktoba. Mai nufin Sallah ya ƙirga wata 3 da rabi baya.

MATAKI NA 7: RUWA, GISHIRI DA LAIMSTON

Dusa da ƙwayoyi masu mai cike suke da fosfaras, kalsiyam ɗinsu kaɗan ne. Idan fosfaras ya rinjaya, tsakuwa na taruwa a mafitsara, ta toshe hanyar fitsarin namiji, musamman tauren da aka dandaƙe yana ƙarami. Abin da ake nema shi ne kalsiyam ya ninka fosfaras sau 2. Harawar gyaɗa da ta wake na taimakawa, laimston ya cike. Garin ƙashi bai dace a nan ba, don shi ma fosfaras yake ƙarawa. Ga wani dalili kuma: mai na kama kalsiyam a ciki ya fita da shi, saboda haka bukatar na ƙaruwa idan ana ba da mai.

Gishiri na sa dabba shan ruwa, ruwa kuwa na wanke mafitsara. Ruwa mai tsabta ya kasance a gabanta dare da rana. Da hunturu awaki kan ƙi ruwan da ya kwana ya yi sanyi, a sauya musu da hantsi. Tauren da ke yunƙuri, yana kuka, yana ɗiga fitsari ko ba ya yi sam, aikin likita ne a ranar. Kada a jira gobe, kada a yi masa ɗuren kanwa.

MATAKI NA 8: KARANTA DABBARKA KOWACE SAFIYA

Fara da ƙasa. Kashin akuya mai lafiya ƙwaya-ƙwaya ne, busasshe, kana sharewa yana gangarawa. Idan ya fara mannewa ya dunƙule, tumbi na gargaɗi. Idan ya yi laushi yana sheƙi, ko ya zama zawo, man ya yi yawa. Murƙushe ɗaya da tsinke: ganin ƙwayar filaksid sukutum na nufin ɓarzar ba ta isa ba, ganin dogayen zare na nufin narkewa ta ragu.

Sai komi da raga. Dabbar da ta lashe haɗi ta bar harawa tana gaya maka an wuce iyaka. Sai tuƙa: da rana tsaka, idan sun kwanta, ya kamata ka ga muƙamuƙi na juyawa. Ɗora tafin hannu a kwiɓin hagu, za ka ji tumbi ya taso ya koma sau 1 ko 2 a minti guda. Idan shiru, ko kwiɓin ya kumbura yana ƙara kamar an buga fanko, janye haɗi gaba ɗaya, bar harawa da ruwa, ka nemi likita.

Auna nauyi duk bayan mako 2, a lokaci iri ɗaya, ka rubuta. Jar akuya mai samun kulawa takan ƙara giram 50 zuwa 80 a yini, wato kilo 5 zuwa 7 a wata 3. Wanda ya yi maka alkawarin ninkin wannan da wani sirrin haɗi, kuɗinka yake so.

MATAKI NA 9: SAN LOKACIN TSAYAWA

Akuya ba rago ba ce. Rago na tara kitse a baya da gindin wutsiya inda mai saye zai taɓa. Akuya kuwa ciki take fara kai nata, kewayen ƙoda da hanji. Tambayi kowane mahauci. Saboda haka idan girma ya tsaya aka ci gaba da ɗura mai, kuɗinka na tafiya inda ba a gani, ba a kuma biya.

Shafa gadon baya, bayan haƙarƙari na ƙarshe. Idan ƙasusuwan sun rufu da nama, sai ka danna kafin ka ji su, ƙirji kuma ya cika hannu, dabba ta kai. Idan awo biyu a jere nauyi bai motsa ba, ita ma alama ce. Kwana 75 zuwa 90 na ba da haɗi sun isa. Idan an yi wa dabba allura ko an ba ta magani, a tambayi likita kwanakin da za a jira kafin yanka.

MAI CIKI DA MAI SHAYARWA

Cikin akuya kimanin kwana 150 ne. Wadda aka bari ta yi ƙiba fiye da kima tana cikin haɗari a makonnin ƙarshe: 'ya'ya da kitse sun matse tumbi, ci ya ragu, jiki ya fara narkar da kitsensa da sauri, hanta ta kasa ɗauka, sai ta kwanta ta ƙi tashi. Don haka ba a yi wa mai ciki kiwon ƙiba, kuma ba a fara mata sabon abinci dab da haihuwa.

Mai shayarwa, musamman mai tagwaye, ita ta fi kowa cin moriyar wannan tsari. Mai na ɗauke da ƙarfin da ya ninka na tsaba fiye da sau 2, ba ya kuma tsamar da tumbi kamar tsaba. Binciken da Yves Chilliard da abokan aikinsa suka yi a Faransa ya nuna cewa awaki sun bambanta da shanu: ƙarin mai a abinci yakan ƙara maiƙon nononsu, inda na shanu sau da yawa yake raguwa. Awon dai shi ne na Mataki na 3, kuma a ɗaga komin uwa inda 'ya'ya ba za su kai ba, balle idan angurya ce.

FILAKSID KO NA GIDA?

Idan ƙiba da kyan gashi kake nema, riɗi, angurya da waken soya za su yi maka aikin. Ana noma waken soya a Jihar Kaduna, angurya na zuwa daga yankin Funtuwa da Zariya, riɗi daga Jigawa, Nasarawa da Binuwai. Cibiyar NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta daɗe tana gwada irin waɗannan abinci na gida a kan jar akuya. Lissafin mai sauƙi ne: tambayi kuɗin giram 50 na filaksid, giram 40 na riɗi da giram 100 na angurya ko soya, ka ɗauki mafi araha, domin man da ke cikinsu ɗaya ne a yawa.

Abin da filaksid ya fi su da shi guda ne: fiye da rabin mansa omega-3 ne, abin da riɗi da angurya kusan ba su da shi. Ko bayan asarar da ake yi a tumbi, nono da naman dabbar da ta ci shi sun fi ɗauke da wannan mai. A Faransa har ƙungiya aka kafa a shekarar 2000, Bleu-Blanc-Cœur, mai sa tambari a kan irin waɗannan kayan. A kasuwanninmu kuwa dillali ba ya ƙara ko sisi don wannan. Saboda haka filaksid ya dace da mai tatsar nono don 'ya'yansa, da mai kiwon abin da iyalinsa za su ci, ko mai abokin cinikin da ya san darajarsa. Mai kiwo don kasuwa ya tsaya ga na gida.

Ko wanne ka ɗauka, sikeli ne farkon abin saye, kafin ƙwayar kanta. Idan ya yi maka tsada, ku haɗa kuɗi da maƙwabta uku ko huɗu, ku sa ranar awo ɗaya, kowa ya zo da littafinsa. Cikin zagaye ɗaya na kiwo za ku san abincin da ke biyan kuɗinsa a turkenku, da wanda ya kamata ku bar wa mai shago.